Ina so in mayar da keken Baba na lantarki: wa ya taɓa haɗa batir da hannunsa?

Auwalu Tela: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, kuma don Allah a yi mini bayani irin na ɗan koyo, ni ɗinki na sani. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na jingine babur ɗina, daga baya ma na sayar da shi. Yanzu adaidaita ke cinye mini ciniki. Daga gida zuwa shago kilomita 11 ne, kuma hawa biyu nake yi. Akwai tsohon keken mahaifina, Phoenix baƙi, yana jingine a soro ya sha ƙura. Wani abokina mai gyaran kwamfuta ya ba ni kwali guda na matattun batiran laftof, ya ce in na fasa su zan samu ƙananan batira a ciki waɗanda ake haɗa wa keke. Na kuma ga injin da ake sa wa a tsakiyar ƙafar keke, mai wat 1000. Guda nawa zan haɗa, kuma yaya ake haɗawar?

Shamsu Totur: Wa alaikumus salam. Tela ka zo gida. Kada ka tsaya wasa da ƙaramin inji, ɗauki mai 1000 ɗin nan, in da hali ma 1500. Nawa da na haɗa na ga gudun kilomita 55 a mita da idona a titin Zariya. Masu adaidaita sai dai su bi ni da kallo.

Injiniya Nafi'u Sola: Shamsu, ka bari mutum ya shiga gida ya zauna kafin ka miƙa masa wuƙa. Malam Auwalu, mu fara da lissafi, ba shi da wuya, ya fi yankan babbar riga sauƙi.

Batiran da ke cikin na laftof ɗin sunansu 18650. Sunan ma awonsu ne: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Kowanne yana ba da bolt 3.7, in ya cika fal ya kai 4.2. Idan ka jera su kai da gindi, bolt ne ke ƙaruwa. Goma a jere su ne batirin da ake kira mai bolt 36, sha uku a jere su ne mai bolt 48. Idan kuma ka haɗa su kai da kai, gindi da gindi, bolt ba ya ƙaruwa, daɗewa ce ke ƙaruwa.

To tafiyarka kilomita 22 ce zuwa da dawowa. Keke mai matsakaicin gudu, da kai a kai kana ɗan taimaka masa da feda, yana shan wajen wat-awa 10 zuwa 15 a kowace kilomita. Mu ɗauki 15 saboda ramuka da tsaye-tsaye, ka ga 330 ke nan. Batir mai bolt 48 da amfiya-awa 10 yana ɗauke da wat-awa 480, wato 48 sau 10, ya ishe ka har da rara. Wannan shi ne sha uku a jere, huɗu-huɗu a kowane sahu, jimla 52, idan kowanne lafiyayye ne mai riƙe miliamfiya-awa 2500, wato amfiya-awa biyu da rabi. Nauyinsa bai kai kilo uku ba. Cajinsa kuma wajen rabin yunit na mita ne.

Auwalu Tela: Allah ya saka da alheri Injiniya. Ai kuwa na ƙirga, kwalin nan zai ba ni kusan 96. Ashe ma saura kaɗan in haɗa biyu.

Oga Sule Rewaya: Tsaya nan ƙanena. Injiniya ya ce "idan kowanne lafiyayye ne", kai kuma da bakinka ka ce matattu aka ba ka. Ka san abin da ya sa aka jefar da batirin laftof? Yawanci sahu ɗaya ne ya mutu a ciki, sauran suna da sauran numfashi. Amma wanne ne mai numfashin, wanne ne gawa, ido ba ya nunawa. Dukkansu suna nan kore shar ko ja wur kamar sababbi.

Ga yadda nake yi a shago. Ina fasa robar a hankali, ba da wuƙa ba, don in ka yanki rigar batirin ka taɓa kai da jiki lokaci ɗaya za ka ga tartsatsi. Ina auna kowanne da mita. Wanda na samu ƙasa da bolt 2 ba na ma tausayinsa, gefe. Sauran in yi musu caji ɗaya bayan ɗaya, ina taɓawa da bayan hannu. Wanda ya yi zafi, gefe. Waɗanda suka cika sai in rubuta kwanan wata a jikinsu da maka, in zuba su a kwalin takalmi, in manta da su sati biyu. In na dawo, duk wanda ya sauka da kansa ba tare da an yi aiki da shi ba, wannan yoyo yake yi ta ciki, shi ne ɗan ta'addan da zai cinye maka sahu. Gefe. Sai a ƙarshe a sa ragowar a na'urar gwaji a ga nawa kowanne yake iya riƙewa, a haɗa masu kama da juna. In ka samu kashi uku cikin goma sun tsallake, ka gode wa Allah.

Shamsu Totur: Oga wannan ai aikin wata guda ne. Ni a dare ɗaya na liƙe nawa da dalma, ga shi yana tafiya.

Oga Sule Rewaya: Yana tafiya, na ji. Wata nawa?

Shamsu Totur: Uku.

Oga Sule Rewaya: To mu haɗu bayan zafin Afrilu.

Injiniya Nafi'u Sola: Maganar dalma ma abin dubawa ce. Zafin bakin ƙarfen liƙi yana ratsa kan batirin ya lalata abin da ke ciki, ba za ka gani ba sai daga baya. Shi ya sa masu yin abin da gaske suke amfani da 'yar waldar ɗigo da siririn ƙarfen nikel, ta ɗana sau ɗaya cikin ƙiftawar ido, batirin ko ɗumi bai yi ba.

Sannan ga abin da Shamsu bai faɗa maka ba. Inji mai wat 1000 a kan bolt 48 yana jan fiye da amfiya 20. Raba wa huɗun da ke kowane sahu, kowanne sai ya ba da fiye da 5. Batirin laftof an yi shi ne don ya riƙa ba kwamfuta wuta kaɗan-kaɗan na tsawon awanni, ba don ya ja ƙato da buhun yadi a hawan gada ba. Tsoho ma balle. Kamar ka ɗaura wa jakin da ya tsufa kayan raƙumi ne. Inji mai wat 350 kuwa abin da zai nema a tafiyar yau da kullum bai kai amfiya 2 a kan kowanne ba.

Lawali Maraɗi: Salamu alaikum. Ni hwa ina ganin kuna wahalshe da yaron ga. Mu nan lokacin da Najeriya ta yanke muna kuran, wutar lantarki ke nan, a watan Agusta 2023, kowa ya koyi zama da batir. Ni batiran nan baƙaƙe masu bolt 12 na ƙaramin inbata na samu guda huɗu, munka jera su, bolt 48 ke nan, munka ɗaure bisa kariya. Ba walda, ba gwaji, ba tsoron wuta. Moto na ya huta, ni ma na huta.

Auwalu Tela: Malam Lawali, moton ne ya huta kuma? To me ke jan keken?

Lawali Maraɗi: Kai, na manta da mutanen Kano nike magana. Babur nike nufi, shi muke ce ma moto.

Injiniya Nafi'u Sola: Malam Lawali bai yi ƙarya ba, batirin dalma ba shi da saurin fushi irin na litiyam. Amma a faɗa wa Auwalu kuɗin da ake biya. Huɗu masu amfiya-awa 12 sun kai kilo 15, a saman kariya, can sama can baya. Keken yana rawa a kwana, in ka sauka ka riƙe shi gaba yana neman tashi sama. Kuma a takarda suna ɗauke da wat-awa 576, amma in kana son su yi rai rabin kawai za ka riƙa sha. In kana ƙarar da su ƙaf kullum, kafin shekara sun kumbura.

Akwai na tsakiya da mu masu sola muke amfani da shi yanzu, litiyam mai sinadarin ƙarfe, wanda ake rubuta wa LiFePO4 a jiki. Kowanne bolt 3.2, sha shida a jere ke ba da batirin 48. Ya fi 18650 nauyi da girma, amma ya fi haƙuri da zafi, kuma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Da ni ne mai kuɗin, a garin da Afrilu ke wuce digiri 40, shi zan saya.

Lawali Maraɗi: Gaskiya ta, shekara guda sunka yi muni. Amma dai ban kwana da fargaba ba ko dare ɗaya.

Maman Hanifa: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ma'abociyar keke ba ce, saboda ɗana na shigo gidan nan. Ya haɗa irin wannan batirin, an naɗe shi da baƙin salatif kamar ƙunshin goro, kuma a ɗakinsu yake sa caji, shi da ƙannensa biyu. Da yake sai tsakar dare ake kawo mana wuta, yana jonawa ya kwanta. Na yi magana ya ce Mama ba ki gane ba. Injiniya, Oga Sule, ku gaya mini gaskiya, ni ce ban gane ba?

Oga Sule Rewaya: Hajiya, ke ce kika gane. Yau ɗin nan, ba gobe ba, a fitar da shi daga ɗakin.

Bari in ba ku abin da ya faru a gabana, shi ya sa kuka ga ina da tsanani. Wani yaro ya kawo mini batirinsa wai ba ya cika. Na ajiye a kan benci, na jona, na juya ina naɗa wayar fanka. Abin da na fara ji wari ne, wani irin wari mai zaƙi-zaƙi kamar na man goge farce. Sai wani siririn sauti, tsssss, kamar taya tana sacewa. Ina waiwayawa na ga farin hayaƙi yana fita ta gefen salatif. Da filaya na ja shi na wurga waje kan ƙasa. Ban kai ga ɗaga bokiti ba na farkon ya fashe, fau, ya yi sama kamar abin wasan wuta na yara, ya bugi kwanon rumfar maƙwabcina. Sai na biyu, sai na uku, kowanne yana kunna na kusa da shi. Mun zuba yashi, mun kwarara ruwa, ya lafa, muna tsaye muna mayar da numfashi ya sake tashi. Hayaƙin kuwa kwana biyu ina jin sa a maƙogwaro. Da ya huce na tona, babu allon kariya a ciki ko ɗaya. Waya biyu kawai yaron ya fitar, ja da baƙa, yana yi masa caji da cajar batirin dalma.

Yanzu ki ɗauki wannan ki sa a ɗaki mai ƙofa ɗaya da katifa uku, ƙarfe biyun dare.

Maman Hanifa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bari babansu ya dawo daga masallaci.

Injiniya Nafi'u Sola: Allon da Oga yake nufi shi ake kira BMS, ɗan ƙaramin allo ne mai wayoyi sirara da yawa, kowace tana zuwa sahu ɗaya. Aikinsa ya hana kowane sahu wuce 4.2 a caji, ya hana shi faɗuwa ƙasa da kima a tafiya, ya yanke wuta in waya ta haɗu. Ba tare da shi ba, caja jimla kawai take gani. Sahu ɗaya zai iya haurawa 4.5 yayin da wani yake 3.9, ita kuwa tana ganin lissafi bai cika ba tana ci gaba da ɗurawa. Cajar ma dole ta zama tasa: mai sha uku a jere, 54.6 za ka gani a rubuce a jikinta, mai goma a jere kuma 42. A sa fiyus kusa da batirin.

Kuma kada a ce wannan matsalar talaucinmu ce. A birnin New York na Amurka, a watan Yunin 2023, gobara ta tashi cikin dare a wani shagon gyaran kekunan lantarki, ta kashe mutum huɗu da ke zaune a benen da ke samansa. Can da suke da motocin kashe gobara a kowace unguwa.

Hajiya, wurin cajin ya zama tsakar gida a inuwa, a kan siminti ko ƙasa, nesa da buhu da katifa da galan ɗin fetur na janareta. Kada ya zama soro, don ta nan za ku fita in wani abu ya faru. Kada a jona shi yana dawowa daga tafiya da zafinsa, a bari ya huce. Kuma a samu mai ido biyu a kusa.

Shamsu Totur: To mu da ba a kawo mana wuta sai ƙarfe ɗayan dare, mu zauna gadin batir har asuba?

Injiniya Nafi'u Sola: Caja mai amfiya 2 tana cika mai amfiya-awa 10 cikin awa biyar, kuma ba kullum yake ƙarewa ƙaf ba. Auwalu yana yini a shago, ya jona a can yana ɗinki yana ganinsa. Kai kuma ka nemi wurin da kake yini.

Baba Iro Mai Keke: Jikana ne ke rubuta mini. Na saurari duk abin da kuka faɗa, kun yi ta maganar abin da zai tura keke, ban ji wanda ya yi maganar abin da zai tsayar da shi ba. Auwalu ɗana, na san irin keken mahaifinka, shekara arba'in ina kwance su ina ɗaurawa. Birkinsa na sanda ne, roba biyu ce ke matse rim ɗin ƙarfe ta ciki. An yi shi ne don dattijo mai zuwa gona ko kasuwa a natse. Ranar da aka yi ruwa, ka matse shi har hannunka ya yi ciwo, zai ci gaba da tafiya kamar ba da shi kake ba. Shi za ka sa wa gudun babur?

Injiniya Nafi'u Sola: Baba ya taɓo inda ya fi komai. Gudu in ya ninka biyu, ƙarfin da birki zai kashe ninkawa huɗu yake yi. Mai tafiya a 40 yana buƙatar wajen ninki huɗu na filin da mai 20 zai tsaya a ciki. Shi ya sa a ƙasashen Turai keken da doka ta ɗauka a matsayin keke wat 250 ne, kuma injin yana daina taimakawa a kilomita 25 cikin awa. Su da titinsu yake sumul ke nan, babu akuya, babu mai baro da zai ɓullo daga bayan tirela.

Baba Iro Mai Keke: Sannan kada ka sa injin a ƙafar gaba. Wani ya kawo mini nasa, ya sa a gaba, ya murɗa totur da ƙarfi daga tsaye. Ƙarfen tsakiyar injin ya juya a cikin bakin cokali, ya buɗe shi kamar an sa sifana, ya naɗe wayar ya tsinke ta, ƙafar ta fice ta bar shi. Haƙoransa biyu na gaba suna can a kwalta. Ka sa a baya. Kuma ko a bayan, ƙarfen nan yana da gefe biyu a shafe, sifana lamba 10 tana shigarsa daidai. Ka samu tsohuwar sifana mai kauri, ka zura, ka kwantar da hannunta a jikin ƙarfen keken, ka ɗaure da maɗaurin tiyo guda biyu. Ita za ta riƙe juyin, ba bakin keken ba. In kana da hali mai walda ya yanko maka farantin ƙarfe ya fi kyau, amma sifanar ma tana yi.

Shawarata dai, ka bar keken mahaifinka yadda yake, abin tunawa ne. Ka nemi na gwanjo irin mai giya ɗin nan, mai birkin faifai ko aƙalla mai birkin waya mai kamawa sosai, mai taya mai faɗi.

Auwalu Tela: Baba na ji, kuma na karɓa. Dama zuciyata ba ta kwanta da a huda keken nan ba.

Shamsu Totur: Ni dai har yanzu ban ga amfanin keken da yaro mai feda zai wuce shi ba. Ga Mustapha Gajibo can a Maiduguri ya mayar da motocin bas na haya masu lantarki, mu muna nan ana ce mana 25.

Oga Sule Rewaya: Shi da ya yi bas ɗin, ka ji an ce da salatif ya naɗe batirin? Kai dai ka sayi hular kwano, ka sa fitila gaba da baya. Abin nan ba shi da ƙara, mai tsallaka titi ba ya jin zuwanka, kunnensa babur yake jira. Kuma ka sa hannun birki mai yanke wutar inji, don ranar da totur ya maƙale maka a cikin ƙurar hunturu za ka tuna da ni.

Shamsu Totur: Hular ina da ita Oga, zafi ne ke hana ni sawa.

Baba Iro Mai Keke: Kwalta ta fi ta zafi.

Maman Hanifa: An fitar da shi. Yana bayan randa a tsakar gida, babansu ya kafa masa bulo huɗu ya ajiye bokitin yashi. Yaron yana ta kumbure-kumbure, ya ce na kai ƙararsa duniya. Oga Sule, zan turo shi da batirin ka duba ko akwai allon nan a ciki.

Oga Sule Rewaya: Ya zo da safe, kuma ya taho da cajar. Kada ya ɗauko shi a cikin jakar goyo a bayansa, ya sa a kwando.

Auwalu Tela: 'Yan gida, na dawo da labari bayan sati uku. Na bi yadda Oga Sule ya ce, ya ara mini na'urar gwajinsa. Cikin 96, guda 22 tun a mita suka faɗi. Tara sun yi zafi a caji, ɗaya har sai da na sake shi. Bayan sati biyu a kwali wasu sun zube da kansu, wasu kuma da aka gwada ko rabin abin da aka rubuta ba sa riƙewa. Waɗanda suka tsallake 31 ne. Wani a kasuwa ya so ya cika mini da sababbi da aka rubuta wa 9900 a jiki, masu arha, na ɗaga ɗaya na ji shi sakayau kamar ba komai a ciki, na ajiye masa.

Injiniya Nafi'u Sola: Hannunka ya cece ka. Na gaske yana da nauyin giram 45 ko sama da haka kaɗan, kuma mafi ƙarfinsu a wannan girman yana wajen 3500 ne. Duk wanda ka ga an rubuta 9900, fenti ka saya. Guda 31 ɗin nan kada ka tilasta musu keke. Ka haɗa fitila da 'yar fankar shago da su, za su yi maka shekaru.

Auwalu Tela: Haka na yanke. Na samu keken gwanjo mai birkin faifai, na sayi inji mai wat 350 na ƙafar baya, Baba Iro ya ɗaura ya sa mini sifanarsa. Batirin kuma na shiga adashe, ɗaukata ƙarshen wata mai zuwa, irin na masu sola zan saya da allonsa da cajarsa. Kafin nan da feda nake zuwa shago, inji yana baya yana hutawa ina jan sa. Cinyoyina sun san an yi sabon shiri.

Shamsu Totur: Tela, 65 ɗin da suka faɗi fa? Nawa za ka bar mini?

Oga Sule Rewaya: Auwalu kada ka ba shi ko ɗaya. Ka liƙe kan kowanne da salatif, kada ka zuba su a shara inda ake cinna wuta, ka kawo mini shago gobe.

Baba Iro Mai Keke: In ka fito daga wurin Sule ka biyo ta nan. Wayoyin ƙafar bayan nan sababbi ne, sun isa a sake ɗaure su.